Damagaram zuwa Yamai: awa 2 a sama, yini guda a ƙasa

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa shiga bis daga Damagaram da asubar fari ya san ba ya ganin Yamai sai dare ya yi. Kusan kilomita 900 ne bisa kwalta, a ratsa Tasawa, Maraɗi, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, ga tsayawar salla, ga shingayen bincike. Ta sama kuwa tsakanin filayen jiragen biyu bai fi kilomita 740 ba. Jirgi mai farfela irin Fokker 50, wanda kamfanin Niger Airlines ya soma aiki da shi a 2014, yana cin kimanin kilomita 500 a awa, ke nan ƙasa da awa 2 an sauka. Maraɗi na da kilomita 540 daga Yamai ta sama. Difa kuma ta haura 1,100, alhali a mota sai an share fiye da 1,300.

Abin mamaki, daga Yamai zuwa Jidda kimanin kilomita 4,000 ne, awa 5 zuwa 6. Hajiyar da ta taso daga Damagaram a mota ta fi daɗewa kafin ta kai babban birnin ƙasarta bisa ga zamanta cikin jirgin Makka.

To me ya hana ƴan kasuwa rungumar jirgin cikin gida? Awa 2 ɗin nan lissafin takarda ne. Jirgi mai kujeru 50 ba ya cika a gari guda, dole ya sauka Maraɗi ko Agadas ya ɗauki wasu, kowace sauka da nata jinkiri. Ba kullum yake tashi ba, kuma in hazo ya rufe gari a watan Janairu sai a ɗage tafiya. Uwa uba kaya. Mai dilar atamfa ko buhunan kaya ba ta da wurin zuba su, don kilo kaɗan ake bari, abin da ya ƙaru a biya da tsada. A bis kuwa ana daidaitawa da yaran mota.

Filaye dai an kashe masu kuɗi. Bukukuwan 18 ga Disamba sun kai gyara Maraɗi a 2015 da Damagaram a 2018, kamfanin Summa na Turkiyya kuma ya sabunta filin Diori Hamani a 2019. Amma fili ba ya kawo fasinja.

Shi ya sa mutanen gabas suka daɗe suna kallon kudu. Kano ba ta fi kilomita 250 daga Damagaram ba, kuma filin Malam Aminu Kano ya saba da masu zuwa Saudiyya saro kaya. Sai dai wannan hanya ba a hannunmu take ba. Najeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. A waɗannan watanni, mai fatauci daga Magarya ko Matamai sai ya ba Kano baya, ya yi yini guda yana tafiya yamma, kafin ya hau jirgin da zai sake ratsowa da shi gabas ta saman garinsu.