FILIN MATA: Hajiya Bilkisu Yusuf da Alƙalaminta

Yau labarin wata baiwar Allah na kawo muku, wanda ya kamata kowace uwa ta gaya wa ɗiyarta, watau marigayiya Hajiya Bilkisu Yusuf, marubuciya kuma 'yar jarida.

An haife ta a Kano ran 2 ga Disamba 1952, zamanin da sai an kai ruwa rana kafin uba ya yarda ɗiyarsa ta shiga makarantar boko. Ta yi karatu a makarantar 'yan mata ta Dala, daga nan ta tafi Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta koyi ilmin siyasa. Sa'an nan ta ƙetare teku zuwa Amurka, ta sami digiri na biyu a Jami'ar Wiskonsin da ke birnin Madison. Bayan haka kuma ta je Mosko ta ƙaro ilmin aikin jarida.

A 1983, ba ta daɗe da cika shekara 30 ba, aka ba ta editan jaridar Sunday Triumph ta Kano. A 1987 ta zama editan New Nigerian a Kaduna, a 1990 kuma ta koma mujallar Citizen. Ita ce mace ta farko daga Arewa da ta hau irin wannan kujera a babbar jarida.

Watakila wata ta ce, to, mene ne aikin edita? Edita shi ne mai gidan jarida. Duk labarin da manema labarai suka kawo, gabansa ake ajiye shi. Shi zai ce wannan a sa a shafin farko, wannan a koma a bincika, wannan ƙarya ce a yar. In kuwa labari ya ɓata wa manya rai, wuyansa za a kama. Ku duba fa, wannan nauyi ne mace ta ɗauka, ga kuma aure da renon 'ya'ya.

Ba ta yar da addininta don boko ba. Tana cikin waɗanda suka kafa FOMWAN, ƙungiyar mata Musulmi ta Nijeriya, a Minna a 1985. Daga baya ta riƙa rubutu a jaridar Daily Trust, tana kuma fafitikar karatun 'ya'ya mata da rage mutuwar mata wajen haihuwa. Allah ya karɓi abinsa ran 24 ga Satumba 2015, a turmutsitsin Mina wajen aikin hajji, inda mu ma mutanen Sakkwato muka rasa alhazai da yawa. Allah ya jiƙan su baki ɗaya.

To, ina amfanin wannan labari gare mu? Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Mai naƙuda da ta kwana a ƙofar asibiti ba ungozoma, da yarinyar da aka cire daga aji shida don talla, wa zai kai kukansu gaban hukuma? Namiji ba ya shiga cikin gidan wani. Mu ke shiga, mu ke gani, mu ke ji. In ba mai rubutawa a cikinmu, maganar a tsakar gida za ta mutu.

Kada kuma wani ya ce muku rubutun mace baƙon abu ne a garin nan. Nana Asma'u ɗiyar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Filatanci da Hausa, jajojinta kuma suka kai karatu ga matan ƙauye. Ashe Hajiya Bilkisu gado ta tarar.

Saboda haka ga roƙona. Ku bar yarinya ta ƙare karatunta. Da dare ki sa ta karanta miki jarida da ƙarfi. Ki saya mata littafin rubutu, ta riƙa rubuta abin da ta gani a unguwa, da kuɗin hatsi a kasuwa, da labarin da kakarta ta ba ta. Da haka hannu ke faɗawa. Ku kuma da kuka iya rubutu, ku aiko da wasiƙunku zuwa wannan fili, ko da layi biyar ne.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.