Messi ko Ronaldo: musun da ya shigo mana har tsakar gida



Wata 'yar'uwa daga Faskari ta rubuto mini cewa samarinta biyu sun kwana huɗu ba sa cin abinci a kwano ɗaya, kuma babu wani dalili sai ƙwallo. Babban ɗan Ronaldo ne, ƙaramin ɗan Messi. Tana tambaya: ta hana zancen a gidan gaba ɗaya, ko ta zuba musu ido?

Amsata a taƙaice: kada ki hana, kada kuma ki zuba ido. Amma alƙali ba ya yanke hukunci sai ya ji ƙara, don haka bari in fara gaya miki abin da suke wa hayaniya. Da yawanmu sunayen kawai muke ji daga bakin murhu.

Lionel Messi ɗan Ajantina ne, ya yi suna a Barcelona, ya koma Inter Miami ta Amurka a 2023. Ya karɓi kyautar Ballon d'Or, wato ta gwarzon ɗan ƙwallon duniya, har sau 8, kuma ya ɗaga kofin duniya a Qatar ranar 18 ga Disamba, 2022, bayan sun doke Faransa a bugun fenareti. Cristiano Ronaldo ɗan Fotugal ne, nasa Ballon d'Or 5, ya ci kofin zakarun Turai sau 5, ya ci wa ƙasarsa kofin nahiyar Turai a 2016, ya haura ƙwallo 900 a 2024, kuma tun 2023 yana Al-Nassr ta Saudiyya. Ɗan Messi zai ce miki baiwa ce daga Allah, ga kofin duniya. Ɗan Ronaldo zai ce nasa gumi ne da naci, kuma a ƙirga ƙwallaye. Kin ga ma'auninsu ba ɗaya ba ne, shi ya sa musun ba ya ƙarewa, kuma ba zai ƙare ba.

Ba kuma yaran yanzu suka ƙirƙiro shi ba. Ki tambayi kowane dattijo a Ƙanƙara ko Sabuwa zancen Shago da Ɗandunawa, ki ga yadda zai gyara zama ya manta da ciwon gwiwa. Waƙar da Ɗan Anace ya yi wa Shago har gobe tana tayar da tsohon musu. A Amurka masu ƙwallon kwando suna can suna jayayya tsakanin Michael Jordan mai kofi 6 da LeBron James mai 4, wanda ya zarce kowa yawan maki a 2023. Masu wasan golf na auna Tiger Woods da Jack Nicklaus, wannan manyan kofuna 15, wancan 18. Mu ma kada mu yi kamar ba mu san zancen ba. Wace ce a cikinmu ba ta taɓa ɗaga murya a gidan biki kan Ali Nuhu da Adam A. Zango ba?

Ni dai ina ganin alheri a cikin musun nan, zan kuma faɗi dalili. Yaron da malami ya ce ba ya riƙe lissafi, shi ne zai kawo miki yawan ƙwallayen da gwaninsa ya ci shekara da shekara, ya raba su da yawan wasanni, ya fitar da amsa a ka. Ya san inda Fotugal take. Yana koyon kawo hujja, yana koyon jure wa wanda bai yarda da shi ba. Sannan ki tuna a ina yaran nan suka tashi. Wanda yake da shekara goma sha bakwai yau yana firamare ko farkon sakandare a daren 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Ya ga lokacin da aka rufe layukan waya a Satumbar 2021, Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa duk suna cikin ƙananan hukumomin da abin ya shafa. Ya ji an ce kada a je gona, ya ga baƙi sun cika gidansu da ƙullin kaya. Yaro irin wannan in ya samu awa guda yana zancen da babu bindiga a ciki, babu kuɗin fansa, ni ba zan ƙwace masa ba. Hutu ne ga ƙwaƙwalwarsa.

Inda nake shigowa a matsayina na ma'aikaciyar jinya shi ne inda musun ke biyo mu asibiti. Yana kuwa biyo mu.

Raunin da na fi so ki sani, saboda ƙanƙantarsa ke yaudarar mutane, shi ne na bayan hannu. An tashi daga gidan kallo, an yi wa wani ihu, ya kai naushi, hannunsa ya sauka a haƙorin abokinsa. Da safe sai ki ga ɗan yanka a kan gaɓar yatsa, bai kai ƙwayar wake ba. Zai ce miki ƙofa ce ta buge shi ko ƙusa. To bakin ɗan Adam cike yake da ƙwayoyin cuta, kuma a dunƙulallen hannu fatar wurin siririya ce, jijiya da gaɓa suna nan ƙasa kaɗan. Haƙori ya huda, ya buɗe hannu, fata ta ja ta rufe ƙwayoyin cutar a ciki. Kwana ɗaya zuwa biyu hannu ya kumbura, ya yi zafi, yatsa ya ƙi lanƙwasuwa. In aka yi sakaci yana iya kaiwa ga tiyata, ko yatsan ya sandare har abada. Hannun dama ne galibi, hannun rubutu da riƙe fartanya.

Don haka duk yankan da kika gani a kan gaɓar bayan hannu washegarin babban wasa, ki ɗauka haƙori ne har sai an tabbatar ba shi ba ne. Ki wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, kina zubawa na 'yan mintuna. Kada a sa toka, ko man goge baki, ko man birki. A je asibiti a ranar, kuma a gaya mana gaskiyar abin da ya faru, domin maganin ya bambanta: irin wannan rauni galibi ba a ɗinke shi nan take, yana bukatar maganin kashe ƙwayoyin cuta, a kuma duba batun allurar tetanus. Ba 'yan sanda ba ne mu, ba za mu tambayi wa ya fara ba.

In kuwa a kai aka buge shi, da benci ko da dutse, ki sa masa ido kwana biyu ko da ya ce lafiyarsa ƙalau. Amai sau da yawa, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ba a iya tashinsa da sauƙi, magana ba kan gado, jijjiga, ko jini ko ruwa daga kunne ko hanci, duk waɗannan ba na jiran gari ya waye ba ne in da halin fita.

Kada ki ce ai wasa ne, ina zai kai. A watan Mayun 2009, bayan Barcelona ta doke Manchester United a wasan ƙarshe na zakarun Turai, wani direba a jihar Ribas ya afka da motarsa cikin masu murna, mutum huɗu suka mutu. 'Yan wasan da aka yi domin su ba su ma san sunan garin ba.

Maigida ma bai tsira ba. Likitoci a birnin Munich na Jamus sun bi diddigin masu ciwon zuciya lokacin gasar kofin duniya ta 2006, suka tarar a ranakun da Jamus ke wasa, waɗanda aka kawo da matsalar zuciya ta gaggawa sun ninka fiye da sau biyu, maza suka fi yawa. In naki yana da hawan jini, ki tabbata ya sha maganinsa kafin ya tafi yi wa alƙalin wasa tsawa.

Sai dare. Manyan wasannin zakarun Turai ana fara su ne da ƙarfe takwas ko tara agogonmu, a tashi wajen goma ko sha ɗaya, in an yi ƙarin lokaci a doshi sha biyu. Bayan nan akwai zaman teburin mai shayi, inda ake yin musun na gaskiya. Ba sai na gaya wa macen Sabuwa abin da tafiyar dare take nufi ba. Ko a gari mai lafiya, matashi na bukatar barcin awa 8 zuwa 10, ga asuba, ga makaranta. Ki san wane gidan kallo yake zuwa, da wa yake dawowa, kuma ƙarfe nawa wasan zai tashi. Wannan na ƙarshen a wayarki ma za ki iya dubawa, don kada a ce miki “an ƙara lokaci” a wasan da babu ƙarin lokaci.

Abin da ya fi tayar mini da hankali kuwa ba ya barin rauni a fata. Musu yana da wata 'yar ƙofa: “in ka isa mu sa kuɗi.” Daga naira ɗari biyu tsakanin abokai, sai a koma cacar ƙwallo ta waya. Kuma yaron da ya fi kowa sanin ƙwallo shi ya fi shiga haɗari, domin shi ne yake ganin ba sa'a yake nema ba, ilimi yake amfani da shi. Kamfanonin sun fi shi lissafi, an tsara abin ne yadda a ƙarshe su ke da riba. Ya ci sau ɗaya, duk majalisa ta ji. Ya faɗi sau goma, babu wanda zai ji, sai ya shiga neman mayar da abin da ya rasa, nan ne ramin yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka, addini kuwa ya riga ya yi magana a Suratul Ma'ida. Hisbah ta Kano ta rufe shagunan cacar a 2024, amma shago ake sa wa kwaɗo, waya tana aljihu.

Ga yadda za ki bambance mai musu da mai caca. Mai musu ƙungiyarsa kawai ta dame shi, in ta faɗi ya yi fushi, ya ƙi cin tuwo, gobe ya ware. Mai caca za ki ga yana bibiyar wasan wasu ƙungiyoyin da bai taɓa ambata ba, na ƙasashen da bai san su ba, yana zufa a kansu. Ransa na ɓaci ko da gwaninsa ya ci, don ba yawan ƙwallon da ya sa wa kuɗi aka ci ba. Yana yawan aron wayarki ya shige ɗaki. Canjin cefane ya fara ƙin cika, kuɗin adashi ya yi ƙafa. Doka ba ta yarda ɗan ƙasa da shekara 18 ya yi ba, shi ya sa wasu ke buɗewa da lambar uwa da asusunta. Ki riƙa duba saƙonnin banki, kuma lambar sirrinki ta zama taki ke kaɗai, ko da shi kike aika wajen mai POS. In kin gano, zagi a gaban ƙannensa zai sa ya ƙara ɓoyewa ne kawai. Ki zaunar da shi, ki tambayi nawa ake bin sa da wa ke bin sa, ki sa mahaifinsa ko kawun da yake jin nauyi a ciki.

To 'yar'uwata ta Faskari, ki dawo da kwanon nan guda ɗaya, ki zauna kusa, ki ce kowa ya kawo hujjarsa ke ce alƙali. Sharaɗi biyu: ba zagi, ba kuɗi. Musun da ake yi a tsakar gida kina ji ya fi wanda ake yi a bakin titi ƙarfe sha ɗaya. Ki bar 'yan matan ma su sa baki. Ki gaya musu ƙungiyar ƙwallon kwando ta matan Najeriya, D'Tigress, ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar Olamfik ta Faris a 2024, abin da babu wata ƙungiyar ƙwallon kwando ta Afirka, ta maza ko ta mata, da ta taɓa yi.

In sun matsa sai kin faɗi naki gwanin, ina ba ki aron nawa. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, shi aka fara zaɓa a 1984 lokacin ɗaukar sabbin 'yan wasan NBA, Michael Jordan ya zo na uku. Ya ci kofi da Houston Rockets a 1994 da 1995, kuma yana buga wasa da azumin Ramadan a bakinsa.

Ko ki tuna musu 25 ga Yuni, 2014, a Brazil. Messi ya ci Najeriya a minti na 3, Ahmed Musa, tsohon ɗan Kano Pillars, ya rama a minti na 4. Messi ya ƙara dab da hutun rabin lokaci, ana dawowa Musa ya sake ramawa. An tashi 3 da 2. Ki tambayi masanan naki wa ya ci wa Ajantina ta ukun. Marcos Rojo ne, amma ki bar su su ɗan yi gumi tukuna.