Kaɗanya Ta Fi Buhun Gawayi Daraja

'Yan uwa mazauna Kudu, musamman waɗanda suka bar gonaki a gida a hannun dangi ko masu haya, ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya: ana sare kaɗanya ana ƙona ta gawayi, kuma kasuwar gawayin tana nan garuruwan da muke zaune.

Duk wanda ya biyo hanyar Mokwa zuwa Jebba ya ga buhunan gawayi jibge a bakin titi. Masu ƙonawa suna son kaɗanya ne saboda icenta na da ƙarfi, gawayinta kuma yana daɗewa yana ci. Amma mu yi lissafi. Kaɗanyar da ta fito da kanta takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, daga nan ta yi ta bayarwa fiye da shekara 100. Wanda ya sayar da ita sau ɗaya zai karɓi kuɗi, asarar kuwa har jikokinsa.

'Ya'yanta suna nuna ne da farkon damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Yara su sha, mata su tsince ƙwarar, su dafa, su shanya, su fitar da man kaɗe na girki da shafawa. Kamfanonin cakulan da na man shafawa a Turai suna nemansa. Gidaje da yawa a jihohin Neja, Kwara da Kebbi da kuɗin nan ake biyan makarantar yara.

A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta hana fitar da ɗanyar ƙwarar kaɗanya waje na wata 6, don a riƙa sarrafa ta a gida. Farashi ya faɗi, mata masu tsinta suka ji a jikinsu. Kukansu gaskiya ne, kuma wajibi ne gwamnati ta samar musu masu saye. Sai dai faɗuwar farashi ba hujjar ɗaukar gatari ba ce. Doka da farashi suna canzawa cikin watanni, itacen da aka sare kuwa sai bayan shekara 20 ake samun madadinsa.

Masu cewa dole a samu makamashi, ban musa ba. Amma ɓawon ƙwarar da ragowar da ake zubarwa bayan an fitar da mai duk suna ci da wuta, haka rassan da aka rage. A shinge gona da bini da zugu. Dabbobi ba sa cinsa, yana tare zaizayar ƙasa, mansa yana yin sabulu har da man inji, sai dai 'ya'yansa guba ne, a kula da yara. Kada kuma a bar hatsi dominsa, don waɗanda suka shuka shi eka-eka lokacin da aka yi ta yayatarsa, da yawa ba su samu mai saye ba.

Manomi zai ce inuwar kaɗanya tana rage dawa. Haka ne, a gindinta. Maganin shi ne a rage rassa, a bar uwar. Ganyenta taki ne, saiwarta tana riƙe ƙasa lokacin ruwa mai ƙarfi.

Don haka kowa ya buga waya gida. Wanda zai ba da hayar gona ya sa sharaɗi a gaban shaidu cewa ba a taɓa kaɗanya. Wajen sharar gona a kewaye ƙananan da suka fito, kada a cinna musu wuta. 'Yan uwanmu masu sana'ar gawayi kuma, ba mu ce ku bar neman halal ɗinku ba, amma ku riƙa tambayar irin icen da aka ƙona. In mai saye ya ƙi, mai sara zai daina.

Allah ya sa mu gyara.