BA 'YAR FIM CE TA SAKI MATARKA BA!

 

Duk inda aka tashi tsine wa fina-finan soyayya, mu ne a sahun gaba. 'Yan fim sun ɓata tarbiyya, Indiyawa sun koya wa 'yan mata rawa, wance ta yi shigar banza. To, mun ji, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Yau namu tudun za mu duba.

Me fim ɗin soyayya yake nunawa? Saurayi ya ga budurwa, a yi raha da barkwanci, a yi waƙa cikin furanni, iyaye su ƙi, a sha kuka, a ƙarshe a ɗaura aure, sai a rubuta Alhamdulillahi, kowa ya watse. Haka Indiyawa suka yi a Dilwale Dulhania Le Jayenge a 1995, haka namu suka yi a Sangaya, inda ɗan sarki ya so 'yar aikin gidansu. Fim yana ƙarewa ne daidai inda wahalar mace take farawa.

Ku zo nan Kadawa ku ga sauran labarin. Ga budurwa, wadda kake zuwa zance wurinta da kalaman da ka haddace a waya, kana rantse mata cewa ba ka iya cin abinci saboda ita. Ga matar aure a Kura ko Bunkure, tun asuba tana gaban wuta tana turara shinkafa, kuɗin da ta samu shi ne cefane, shi ne maganin yaro, kai kuwa kana majalisa. Ga bazawara, ko shekara 20 ba ta cika ba, tana ɗakin uwarta da goyo. Dukkansu kalmar "so" ɗaya aka faɗa musu, amma ka tambaye su ma'anarta, za ka ji amsa uku.

Allah ya ba mu ruwan Tiga, muna noma rani da damina. Da an sayar da shinkafa, sai babur, sai sabuwar waya, sai aure. Ranar da kwandon tumatir ya faɗi a Kwanar Gafan, ko tsutsa ta cinye gona kamar yadda ta yi a 2016, wa ake fara huce haushi a kanta? 'Yar mutane! "Je ki gidanku, na sake ki." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wane darakta ne ya rubuta maka wannan?

Mata sun daɗe suna faɗin wannan magana, mu ne muka toshe kunne. A 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kwikwiyo, labarin Rabi, wadda mijinta ya kora da 'ya'yanta saboda amarya, ta koma sayar da abinci tana ciyar da su. Aka yi wa irin waɗannan littattafai laƙabi da adabin kasuwar Kano, aka wuce. Alhali Rabi tana kowane layi na garinmu.

An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Kano a 2001. Tana iya yanke rawa daga fim, amma ba ta iya yanke saki daga bakinka. Hisbah ta fara auren zawarawa a 2012 da mata 100, a 2023 kuma aka aurar da mata 1,800, zawarawa da 'yan mata. Wasunsu mutuwa ce ta raba su da mazajensu, Allah ya ji ƙansu. Sauran fa, wa ya mayar da su zawarawa? Ali Nuhu ne?

Ku tuna ƙissar Barira da Mugisu, wadda Bukhari ya ruwaito. Mugisu yana bin ta a titunan Madina, hawaye na zuba a gemunsa. Manzon Allah (SAW) da kansa ya sa baki, amma da ta ji shawara ce ba umarni ba, ta ce ba ta bukatarsa, kuma ba a tilasta mata ba. Ashe kukan namiji ba hujja ba ne a kan mace. Ita ma tana da zuciya, kuma Shari'a ta saurare ta.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka kai kuɗin gaisuwa, ka lissafa ci, sha, sutura da muhalli na shekarar da gona ba ta yi kyau ba. Ka tambayi ƙanwarka ko tana son wanda ake shirin ba ta. Ka zauna da yayarka da aka sako, ka ji daga bakinta. In kuwa kana da mata, yau da ka koma daga masallaci ka karɓi itacen nan daga hannunta.

Ranar Lahira ba za a tambaye ka fim nawa ka zaga ba, amanar da aka ɗaura maka a gaban shaidu za a tambaye ka. Allah ya ba mu ikon gyarawa, amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.