Kafin a biya kuɗin kaya, a kira wanda ya aiko su



Da wuya a sami unguwa a ƙasarmu wadda ba ta da ɗa a wurin cirani. Wasu suna Abijan, wasu Akara ko Legas, wasu Libiya ko Aljeriya. Daga can suke aiko wa iyaye da turmin atamfa, ko wayar salula, ko kayan salla. Saboda haka, idan aka ce da mutum kayansa sun iso, zuciyarsa ba ta gardama. Ta wannan ƙofa ce wasu ɓarayi suke shigo mana, kuma sun san da kaka ne kuɗin wake da gyaɗa ke hannun manomi.

Ga yadda tarkon yake. Saƙo zai shigo cikin wayarku. Sau da yawa da faransanci ake rubuta shi, za ku ga kalmar "colis", ma'anarta ƙunshin kaya. Za a ce kayanku suna tsare a wani ofishi, ko adireshi bai cika ba, ko kuma sai an biya kuɗin duwan. Za a nemi jika 1 ko jika 2, a ce in ba a biya yau ba za a mayar da kayan. A ƙarshen saƙon akwai lambar da za a kira, ko wani ɗan layin rubutu wanda in an taɓa shi yake buɗe shafin intanet.

Mu sani cewa mai saƙon bai san mu ba, bai san ɗanmu ba. Saƙo ɗaya yake watsawa ga dubban lambobi da na'ura, kamar mai watsa iri a fili, bai san wace ƙwaya za ta tsiro ba. Mu yi lissafi a misali. In ya aika wa mutum 1.000, mutum 20 kawai suka biya jika 2 kowanensu, ya tashi da jika 40 bai ɗauki hauya ba.

Amma jika 2 ɗin nan tsaba ce da ake watsa wa kaza. Abin da yake nema shi ne lambar sirri ta asusun kuɗinku na waya, ko lambobin katin banki. Shafin da ya buɗe zai yi kama da na ma'aikata ta gaskiya, har da tambarinta, ya ce ku rubuta suna da lambar sirri. Wani lokaci kuma mutum ne zai kira da murya mai daɗi, ya ce: "An aiko maka wasu lambobi yanzu, karanto mini su." Waɗannan lambobi su ne mabuɗin rumbunku. Wanda ya ba da su, cikin ƴan mintoci za a kwashe abin da ya tara.

Wannan zamba ba a kanmu kaɗai ta faɗa ba. A shekarar 2020, lokacin cutar korona, mutanen Turai da Amurka sun koma sayayya daga gida, ana kawo musu kaya har ƙofa. Sai irin waɗannan saƙonni suka yawaita, suna ɗauke da sunayen manyan gidajen waya na Ingila da Faransa da Amurka. Masu dogon karatu da yawa sun faɗa. Ashe ba rashin ilimi ne kaɗai ke jefa mutum ba, gaggawa ce.

Ra'ayinmu shi ne, kowane gida ya kafa wa kansa doka guda: ba a biyan ko dala ɗaya saboda kaya sai an ji muryar wanda ya aiko su. Kaya ba sa zuwa da kansu. Duk kayan gaskiya suna da mai aikowa, kuma mun san shi, muna da lambarsa.

Wani zai ce: "To in kayan na gaskiya ne fa, na yi jinkiri suka koma?" Mu tuna yadda muka saba karɓar saƙo. Ɗanka zai kira ka ya ce ya sa kaya a mota. Kai kuma ka tafi tasha ko gidan waya da ƙafarka, ka nuna katin shaidarka, ka ga kayan da idonka. In akwai abin biya, a wurin ma'aikaci ake biya, a karɓi rasit. Kayan gaskiya ba za su ɓace ba saboda ka tsaya ka yi kira ɗaya. Mai cewa yanzu-yanzu, so yake kada ka sami lokacin shawara.

Ga abubuwa biyar da za mu riƙe:

1. Mu tambayi kanmu: akwai wanda ya ce zai aiko mini da kaya? In babu, to babu kaya.

2. In akwai, mu kira shi ta lambar da muka sani tun da can. Kada mu kira lambar da ke cikin saƙon.

3. Mu duba farkon lambar. Ta Nijar 227 ce, sannan alƙaluma 8. Ta Najeriya 234, Gana 233, Kodibuwa 225, Libiya 218, Aljeriya 213. In saƙo ya ce daga ofishin Maraɗi yake, lamba kuwa ta wata ƙasa ce, ƙarya ta fito fili. Amma ko lambar gida ce, ko sunan kamfani ne ya bayyana, wannan ba shaida ba ce, don ɓarayi sun iya aron suna.

4. Kada mu taɓa layin rubutun da ke buɗe shafi.

5. Lambar sirri ba a faɗa wa kowa ita. Ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar ta.

Wanda abin ya riga ya same shi, kada kunya ta rufe masa baki. Ya hanzarta zuwa ofishin kamfanin da kuɗinsa suke, a rufe asusun ko a sake lambar sirri. Kada ya share saƙon, domin shi ne shaida. Ya kai ƙara wurin ƴan sanda ko zandarma. Tun shekarar 2019 ƙasarmu tana da doka mai hukunta zamba ta waya da intanet. Sannan ya gaya wa maƙwabta, don saƙon da ya shigo wayarsa ya shiga tasu.

Mun koyi karatu ne don kada a cuce mu a bakin sikeli ko a kan takarda. To, mu ƙara da wannan: magana ba ta zama gaskiya don kawai an rubuta ta. Ɓarawo ma ya iya rubutu. Mu da muka iya karatu, tsofaffinmu gare mu suke miƙo waya su ce a duba musu. Mu karanta musu sau biyu, a natse, sannan mu ce: "Baba, bari mu kira shi tukuna."

Matambayi ba ya ɓata. Allah ya tsare mana gumin goshinmu, amin.