Bayan an ɗauke gawa, wa ke wanke wurin?

A nan Tunuga, in hatsari ya auku a hanyar Gaya ko ta Kamba, ko aka samu wanda aka kashe cikin gida, mun san yadda take kasancewa. Jandarma su zo su yi bincikensu, a kai mamaci makwancinsa, sai a bar mata da samari da tsumma da bokiti, hannu tsirara.

To, jinin nan ba abin wasa ba ne. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kwana 7 da ranta cikin busasshen jini. A Amurka wannan aiki sana'a ce, sai da horo. Lokacin Ebola a 2014, a Gini da Laberiya da Saliyo, Croix-Rouge ta horar da 'yan sa-kai kan binne gawa ba tare da ɗaukar cuta ba, kuma ba tare da tozarta mamaci ba.

Mu ma abin bai fi ƙarfinmu ba. Kowane gari ya zaɓi mutum biyu, namiji da mace, likitocin Gaya su koya musu sa safar hannu, haɗa ruwan jabel, da barin wuri yadda yake har hukuma ta gama dubawa. A ba su takardar shaida, jama'a su san wanda za su kira.

'Yan uwanmu na ƙetare, cikin abin da kuke aikowa na zaman makoki, a ware na safar hannu da jabel.