Makara a Teburin Jirgin Shaƙatawa: Lokacin Wa Ake Ci?

Daga cikin muhawarorin da ba sa ƙarewa tsakanin masu yawon shaƙatawa a manyan jiragen ruwa akwai wadda ta shafi makara wurin abincin dare. Wani ya ce shi hutu ya zo, kuma da kuɗinsa ya biya, don haka ba zai baro agogon ofis a gida ba sannan ya zo tsakiyar teku ya zama bawan wani agogon. Wani kuma ya ce duk wanda ya shigo zauren cin abinci bayan rabin sa'a da lokacin da aka sa masa, to bai san ya kamata ba. A kallon farko, batun ya yi kama da damuwar waɗanda cikinsu ya cika. Sai dai ƙananan ƙa'idojin zaman tebur sukan tona asirin tsarin zaman jama'a, domin a nan ake ganin wa ke jiran wa, da kuma wanda jiran ke ƙarewa a kansa. A ganina masu sukar makara ne ke da gaskiya, amma hujjar da suka fi kafawa, wato kiyaye ƙawar zama da al'adar manyan mutane, ita ce mafi rauni a cikin hujjojinsu.

Bari mu fara da yadda abin yake. Jirgin shaƙatawa na wannan zamani gari ne guda a kan ruwa. Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara jigila daga Mayami a watan Janairun 2024, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600, ga ma'aikata 2,350. Ba a gina zauren da zai zaunar da irin wannan taro a lokaci guda, shi ya sa tun da daɗewa aka raba abincin dare zuwa zama biyu: na fari wajen ƙarfe 6:00 na yamma, na biyu wajen 8:15 ko 8:30 na dare. A wannan tsari na gargajiya, akan ba fasinja tebur ɗaya da lokaci ɗaya da masu hidima biyu, babba da mataimakinsa, har ƙarshen tafiya. Sau da yawa teburin na mutum shida ne ko takwas, kuma akan haɗa waɗanda ba su taɓa ganin juna ba. Hatta wasannin dare a babban zauren nishaɗi sau biyu ake yin su, domin kowane rukuni ya samu rabonsa.

Nauyin makara a irin wannan zama ya samo asali ne daga yadda ake kawo abincin. Har farkon ƙarni na 19, a gidajen manyan Turai akan jera nau'o'in abinci masu yawa a kan tebur gaba ɗaya, kowa ya ɗibi abin da ya yi masa. Wanda ya makara kansa ya yi wa, domin zai tarar an ci mai kyau, saura kuma ya huce. Duk wanda ya taso yana cin tuwo a kwano ɗaya da 'yan uwansa ya san irin wannan tsari: ka tarar ana ci, a ce maka bismilla, ka wanke hannu ka sa, ba ka tsayar da kowa ba. Daga baya Turawa suka koma wa salon da suke kira na Rasha, wanda ake jingina shigo da shi birnin Paris ga jakadan Rasha Alexander Kurakin wajen 1810. A wannan salo kashi-kashi ake kawo abinci daga kicin, an riga an zuba wa kowa nasa: abin share fage, sai romo, sai babban abinci, sannan kayan zaƙi, kuma ba a kawo wani kashi sai an kwashe farantan na gabansa. Kafin ƙarshen ƙarnin salon ya mamaye manyan otal-otal, daga nan ya hau jiragen ruwa. A jirgin Titanic, a 1912, har mai busa ƙaho ake da shi wanda ke zagayawa yana sanar da lokacin abinci.

Da zarar abinci ya zama jeri mai farko da tsakiya da ƙarshe, to mai makara ya daina zama wanda ya cuci kansa kaɗai. A ɗauka ga tebur na mutum takwas, shida sun zauna, kujeru biyu babu kowa. Mai hidima yana da zaɓi biyu, kuma babu mai daɗi a ciki. Ko dai ya dakata, ya bar mutum shida suna kallon ƙofa suna gutsurar burodi, ko kuma ya karɓi buƙatunsu ya wuce kicin, sannan idan sauran biyun sun iso ya sake komawa farkon jerin saboda su. Kuma ba wannan teburin kaɗai yake kula da shi ba. Yana da wasu uku ko huɗu. Kicin ɗin jirgi ba a bayan labule yake ba. Tafiya ce mai ɗan nisa, a wasu jiragen har da hawa bene, ana ɗauke da tire cike da farantai masu murfi, ƙasa kuma tana tangaɗi idan teku ta motsa. Can kuma layi ake bi, domin kukuna suna fitar da kowane kashi ne ga ɗaruruwan mutane a cikin 'yan mintoci, sannan su juya ga na gaba. Mai hidimar da ya zo neman romo a lokacin da kicin ya koma kan nama, sai ya roƙi alfarma, ya jira. Kafin ya dawo, sauran teburansa da suka zo a kan kari sun fara ɗaga hannu, kuma shi za su ɗora wa laifin jinkirin.

Lissafin ba shi da wuya. Tsakanin ƙarfe 6:00 da 8:30 akwai sa'a biyu da rabi. Idan cin abincin ya ɗauki sa'a ɗaya da minti 45, saura minti 45 ke nan na kwashe kaya, canza shimfiɗar tebur, goge kofuna, da sake jera cokula da wuƙaƙe don zama na biyu. Wanda ya makara da rabin sa'a ya mayar da wannan tazara minti 15. A zama na biyu kuwa babu wani rukuni da ke jira a ƙofa, shi ya sa wasu ke ɗauka makara a lokacin ba ta da illa. Alhali a nan ne ta fi ciwo, domin abin da take yanka shi ne barcin ma'aikaci, wanda galibi yana cikin masu hidimar karin kumallo da sassafe.

Su wane ne waɗannan ma'aikata? Yawancinsu daga ƙasashe irin su Filifin da Indonesiya da Indiya suke, suna aiki bisa kwantiragi na watanni shida zuwa tara, kwana bakwai a mako. Yarjejeniyar aikin teku ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka amince da ita a 2006 ta kuma fara aiki a watan Agustan 2013, ta tanadi cewa hutun ma'aikacin jirgi kada ya gaza sa'a 10 a cikin kowace sa'a 24, da sa'a 77 a cikin kwana bakwai. Ta kuma ce ba za a raba wannan hutu fiye da gida biyu ba, ɗaya daga ciki kada ya gaza sa'a shida. A lura da abin da wannan ke nufi: doka ta yarda mutum ya yi aikin sa'a 14 a yini. Wanda hutunsa ke ƙididdige haka, rabin sa'a a wurinsa ba ƙaramin abu ba ne. Kuma ba zai nuna ɓacin rai ba. Wani kaso na abin da yake samu yana zuwa ne daga tukwicin fasinja, sannan a ƙarshen tafiya fasinjan ne ke cike takardar yabo ko suka a kansa. Zai tarbi mai makara da fara'a, ya ja masa kujera, ya ce ba komai. Mai hankali ya san wannan "ba komai" ba ta kai zuci ba, kuma ba daidai ba ne a kafa hujja da ita.

To, me za a ce wa mai cewa da kuɗinsa ya biya? Maganarsa tana da ƙanshin gaskiya, domin 'yancin cin abinci a lokacin da aka ga dama kaya ne da jiragen ruwa suka daɗe suna sayarwa. Tun a 1905 jirgin Amerika na kamfanin Hamburg-Amerika ya buɗe wani gidan abinci na musamman a cikinsa, inda mai hali zai ƙara kuɗi ya ci abin da yake so a lokacin da yake so. Har yau a jirgin Queen Mary 2 na kamfanin Cunard, masu manyan ɗakuna suna da zaurukansu, Queens Grill da Princess Grill, inda teburin mutum ke jiransa tsawon maraice. Wannan jira yana cikin kuɗin tikitinsu. A shekara ta 2000 kuma kamfanin Norwegian Cruise Line ya fito da tsarin da ya kira Freestyle Cruising, ya kawar da ƙayyadadden lokaci, sauran manyan kamfanoni suka biyo baya da nasu nau'in. A yau, a yawancin jirage, fasinja ne ke zaɓa tun lokacin sayen tikiti: ko tsayayyen lokaci da tebur nasa, ko kuma ya zo sa'ad da ya so ya bi layi idan an cika. Ga kuma zauren ɗebi-da-kanka a buɗe, ga damar a kawo wa mutum abinci har ɗaki. Saboda haka wanda ya zaɓi tsayayyen lokaci alkawari ya ɗauka da bakinsa. Yana son daɗin tsarin, wato tebur da ba ya bin layi a kansa da mai hidimar da ya san yadda yake son shayinsa, amma yana ƙin sharaɗin da ya sa daɗin ya yiwu.

Ba kowace makara ce ganganci ba, kuma adalci ne a faɗi haka. Agogon jirgi yana da nasa sha'anin. A tafiyar kwana bakwai tsakanin Southampton da Niyok akwai bambancin sa'a biyar, don haka sau biyar ake matsar da agogo da sa'a guda, baya idan an nufi yamma, gaba idan an nufi gabas. A wasu tafiye-tafiyen kuma jirgi yakan riƙe lokacinsa ko da tashar da ya tsaya tana kan wani lokacin daban, wayar hannu kuwa ta bi agogon gari ba tare da ta yi shawara da mai ita ba. Ga masu fita yawon buɗe ido da motarsu ta maƙale a cunkoso, ga masu ƙananan yara, ga tsofaffin da tafiya daga wannan ƙarshen jirgi zuwa wancan ke ɗaukar musu lokaci, ga jiran lif a daidai lokacin da kowa ke nemansa. Saboda irin waɗannan ne aka saba ɗaga ƙafa na minti 10 zuwa kwata, kuma a jirage da dama bayan wannan tazara ko abin da ya ɗan fi ta akan rufe ƙofa, a nuna wa mutum wani wurin cin abincin. (Abin lura: mutanen da ke makara wurin tebur ba safai suke makara wurin komawa jirgi a tasha ba, domin sun san kyaftin zai ɗaga anga ya bar su a gaɓa. Ashe dai ana iya kiyaye lokaci idan asarar a kan mutum za ta faɗa.)

Hukuncin da nake ganin ya dace mai sauƙi ne. Wanda ya makara da ƙasa da kwata ya shiga, ya ba abokan zamansa haƙuri da kalma ɗaya ba tare da doguwar tatsuniya ba, ya zaɓi abincinsa da sauri, idan an wuce kashin farko ya haƙura da shi ya bi sahu. Wanda ya wuce haka, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ya nufi zauren ɗebi-da-kanka, gobe ma rana ce. Su kuma waɗanda suka zo a kan kari, babu laifi a kansu idan suka ce wa mai hidima ya fara bayan minti 10. Wasu na jin nauyin yin haka, suna ganin kara ce su jira. Ba su lura da cewa karar da suke yi wa wanda bai zo ba, daga lokacin wanda ke tsaye a kansu suke cire ta.

Kamfanonin ma suna da nasu kason. Su ne ke tallata tafiyar a matsayin duniyar da babu dole a cikinta, sannan su bar ƙaramin ma'aikaci da aiwatar da ƙa'idar da ba shi da ikon tilastawa. Rufe ƙofa aikin shugaban zaure ne, kuma idan ya yi shi ga kowa ba tare da duban girman ɗakin da mutum ya kama ba, ya sauke wa na ƙasa da shi kaya mai nauyi.

Akwai wata 'yar matsalar kalma a nan da ta cancanci kulawar masu nazarin harshe. Mun saba kiran irin waɗannan ƙa'idoji ladubba, amma ladabi a bakin Bahaushe galibi sama yake kallo: yaro ga babba, ɗalibi ga malami, talaka ga basarake. Ba kasafai ake cewa maigida ya yi wa baransa ladabi ba. A cikin siffofi goma na mutumin kirki da Anthony Kirk-Greene ya tattauna a laccarsa da aka buga a 1974, ladabi yana nan, mutunci ma yana nan, adalci ma haka, kowanne da gurbinsa. Abin da ake nema daga fasinja a ƙarfe 8:30 na dare ya fi kusa da biyun ƙarshe: kiyaye mutuncin wanda ba zai iya mayar maka da magana ba, da sauke haƙƙinsa. Idan aka kira shi ladabi kawai, sai a ɗauka batun riga ne da riƙon cokali, abin da mutum ke iya yafe wa kansa tunda hutu yake yi.

Akwai kuma wanda ya san tun da rana cewa ba zai zo ba sam, ko don ya kama tebur a wani gidan abincin jirgin, ko don zai daɗe a gari. Shi nasa ya fi na kowa sauƙi, amma shi ne aka fi mantawa. Yana iya faɗa wa mai hidima da abokan tebur tun daren jiya, ko ya ɗaga wayar da ke gefen gadonsa ya sanar da zauren, kiran da bai kai minti ɗaya ba. Idan bai yi ba, kujerarsa za ta zauna da farantinta da kofunanta a jere, mutum shida suna waiwayen ƙofa, mai hidima kuma yana riƙe da alƙalami bai san ko ya fara ba.